Ɓarar Gyaɗa a Bayan Asibiti

Ni da Tasalla katanga ɗaya ce ta raba mu a Gwashi, katangar ma gajeruwa, in na yi ɗage ina ganin abin da ta ɗora a murhu. Tun muna amare muke tare. Ita ce mai dariyar nan da ake ji har bakin rijiya, kuma in ana biki sai an jira ta kafin a sa wa miya gishiri. Na fara da wannan ne don a san irin matar da muka kusa rasawa tana zaune da ranta.

Ɗanta na fari sunansa Abdussalam. Ni nake faɗin sunan, ita ba ta taɓa faɗi ba. Haka muka taso muka tarar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke, ya girma yana ce wa kakar Inna, uwar kuwa ya kira ta Tasalla kamar wata yayarsa. In tana son ya ɗebo ruwa sai ta dubi sama ta ce, "Wani ya ɗebo ruwa mana." In aka tambaye ta 'ya'yanta, daga na biyu take fara lissafi. Ba wanda ya ga aibin haka. Yabonta ma ake yi, ana cewa ta fi Fulanin da ke kawo mana nono kunya.

A shekarun da samari suka fara tururuwa dajin Anka haƙar zinari, shi ma ya bi. Ya bar matarsa Sahura da 'yar ƙaramar ɗiya, Rufaida. Wata damina rami ya rufta da su can wajen Bagega. A can aka yi masa sutura, mu labari kawai ya iso mana.

A zaman makoki Tasalla ko ɗigon hawaye. Ita ta daka furar baƙi, ita ta shimfiɗa tabarmi, ita ta riƙa lallashin Sahura. Masu gaisuwa in sun shigo sai su yi wa mijinta Makau ta'aziyya a zaure, su wuce ɗakin Sahura su yi mata, ita kuwa Tasalla su tsallake ta da "sannu da aiki", don kada su ba ta kunya. Suna fita suna cewa, "Kai, matar nan akwai tawakkali." Da Sahura ta gama takaba ta koma gidansu, bayan wani lokaci ta yi aure a Gummi, ta bar Rufaida a hannun kakarta.

Ciwon bai zo da wuri ba, shi ya sa ba wanda ya haɗa shi da rasuwar. Sai da wata daminar ta zagayo. Ta fara da cewa kanta na zafi a tsakiya, gabanta na faɗuwa ba dalili, barci ya ƙi. Abinci ya zama kamar dusa a bakinta. Ta daina zuwa biki, ta daina leƙo ni ta katanga. An sha rubutu, an yi hayaƙi, mai kemis ya ba da ƙwayoyi kala-kala. Wasu suka ce iska ce ta shafe ta a gindin tsamiyar hanyar gona. Makau ya sayar da tunkiya a kan neman magani, ba a ga sauƙi ba.

Wata safiya ta dama kunu ta ajiye a tsakar gida, ta zauna ta zuba wa bango ido. Rufaida ta zo ta ja ƙwaryar, kunun ya zubo mata a hannu. Ni na ji ihun, kuma har yau ban san yadda aka yi na tsallake katangar nan da waɗannan gwiwoyin ba. Na tarar da yarinya tana birgima, kakarta na zaune kusa da ita kamar wadda aka tasa daga barci.

Labari ba ya jiran mota. Kafin ƙunar ta bushe ya kai Gummi, Sahura ta aiko wanta Shitu da saƙo: in an gama girbi za ta zo ta ɗauki ɗiyarta. Makau ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da ta cewa, don gaskiya ce da su. Da Shitu ya tafi, Tasalla ta kama bakin zanena ta ce, "Laraba, in sunka ɗauke ta, mi ya rage mani a gidan nan?"

Ƙunar nan ce ta kai mu ƙaramin asibitinmu, ɗakuna uku da benci a gaba, kwanon rufin duk tsatsa. A lokacin an kawo wata sabuwar ma'aikaciya daga Anka, Malama Hamida, gajeruwar mace mai ƙaramar murya, wadda in tana tafiya silifas ɗinta ya fi ta magana. An ce an taɓa tura ta Gusau ta koyo yadda ake taimakon masu ciwon damuwa. Mu dai ba mu san damuwa ana kai ta asibiti ba.

Tana wanke hannun Rufaida tana satar kallon kakar. Da ta gama naɗe hannun sai ta ce, "Inna, ku fa? Rabonku da barci mai daɗi?"

Tasalla ta ce, "Ni lahiya ta lau. Yarinya munka kawo."

Na ce, "Ƙarya take, Malama. Ba ta ci, ba ta barci, ga ta nan kamar karan dawa."

"Laraba, bakinki zai kai ki wuta."

"Ki bari ya kai ni, in dai ke kin warke."

Malama Hamida ta yi murmushi. Ta auna jinin Tasalla, ta duba idonta da harshenta, ta sa abin sauraro a ƙirjinta. Ta ce jini ya ɗan hau amma ba shi ne babban ba. Ta ce Tasalla ta dawo ranar Alhamis bayan la'asar, ta zagayo ta bayan asibiti.

Tasalla ta ce, "Allura za a yi mani?"

"Ba allura."

"To asibitin da ba allura ai hira ce."

"Ita ce kuwa, Inna. Kuma katin nan da kuka yanka ya isa, ba a ƙara komai."

Kuɗin katin bai kai na ƙwaryar nono ba, don haka Makau bai hana ba.

Ranar Alhamis muka zagaya baya, muka tarar da tabarma a inuwar darbejiya, da babban faifai, da buhun gyaɗa. Malama ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce mu taya ta ɓara. Daga baya na gane dabarar. A garinmu in aka ga mace ta shiga ɗaki an rufe ƙofa ana yi mata tambayoyi, kafin magariba an ce ta taɓu, kuma har jikokinta sai an yi musu gori. Amma wa zai ce wani abu don ya hango mata suna ɓarar gyaɗa? Ban da haka, mu ba ma iya faɗin abin da ke ranmu ana kallon idonmu. A nan kuwa kowa idonsa na kan faifai, hannu na aiki, magana ta fito da kanta in ta ga dama.

Ranar farko ba ta ga dama ba. An yi zancen tsadar taki da gwiwata, muka tashi. Makau da ya ji yadda aka yi ya ce, "Ikon Allah! A yanki kati, a je a ɓare wa likita gyaɗa. Wanga asibiti ya iya kasuwanci."

A zama na gaba Malama ta tambayi Tasalla ko tana son in zauna ko in ba su wuri. Ta ce in zauna, ai ko an kore ni sai na laɓe. Ana cikin ɓara Malama ta tambaye ta 'ya'yanta. Ta lissafo Atine da ke aure a Bukkuyum, da Haladu, da auta Binta.

Malama ta ce, "To Rufaida ɗiyar wa ce a cikinsu?"

Hannun Tasalla ya tsaya. Can ta ce, "Ɗiyar wani yaro ce, na gidanmu."

Na buɗe baki zan yi bayani, Malama ta ɗan taɓa ƙafata da tata, na yi shiru. Ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da ɓara, ta ce, "Ni ma ɗiyar fari ce. Innata har ta bar duniya ba ta kira sunana ba, 'ke wagga' take ce mani. Ina ƙarama na ɗauka ba ta so na. Amma kullum in na kai ƙasan tuwona sai in tarar da ƙanzo an ɓoye, kuma ni kaɗai ke samu a gidan." Ta hure ɓawo daga tafin hannunta. "Shi wannan yaron na gidanku, wace miya ya fi so?"



Tasalla ta ce, "Taushe. In kabewa ta yi yawa." Muryarta ta yi ƙasa. "In na yi, sai in ce ta yi mani yawa, a kai ɗakin tsohuwa. Na san can yake ci."

Sai ga hawaye, ɗaya na bin ɗaya, suna sauka a kan gyaɗa. Ta yi sauri ta goge da gefen mayafi tana istigfari. Ta ce an ce hawayen uwa wuta ne a kan mamaci, ita ba za ta ƙona shi ba, ramin da ya danne shi ya isa.

Malama Hamida ba ta yi mata gardama ba. Ta ce ita ba malamar addini ba ce, amma ta taɓa kai wannan tambayar gaban limamin garin nan, ya ce abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da faɗin maganar saɓo, hawaye kuwa rahama ce Allah ya sa a zuciya. Ta ce in Tasalla na so, a aika a sake tambayarsa. Ni aka aika wurin matar liman, na dawo da amsa iri ɗaya.

Daga nan aka sallame ni daga zaman. Malama ta ce, "Inna Laraba, ku kuna cin gyaɗar fiye da yadda kuke ɓarewa." Abin da ya biyo baya Tasalla ce ta faɗa mani da bakinta, ta kuma yarda in faɗa. Daga bakin Malama dai ko kalma ɗaya ba ta taɓa fita ba, kuma na gwada ta.

Abin da ya fi burge ni da yarinyar nan, ba ta taɓa ce wa Tasalla al'adarmu banza ce ba. Ba ta ce sai ta kira sunan ba. Cewa ta yi, "Inna, kunyarku taku ce, ba zan karɓe ta ba. Amma tsakanin kaka da jika akwai kunya?"

Tasalla ta ce, "Wace kunya? Wagga da ke ce mani mai bakin akuya?"

"To ita ba ta san babanta ba, kuma ba wanda zai faɗa mata shi kamar ku. Ba zancen ɗanku za ku yi ba. Labarin baban Rufaida za ku ba Rufaida."

Kada a ɗauka daga nan komai ya miƙe. Akwai makon da ta tashi da ƙarfinta har ta share tsakar gida, akwai wanda ta kwanta ta juya wa ƙofa baya ta ce ba inda za ta. A irin wannan makon sai ga ƙarar silifas a zaure, Malama ta zo wai duba tabon hannun Rufaida, tabon da ya daɗe da warkewa. Ta faɗa mana gaskiya tun farko cewa in abin ya ƙi sauƙi, ko Tasalla ta fara zancen gajiya da rayuwa, za ta haɗa ta da babban likita, hira kaɗai ba ta isa kowane ciwo ba. Allah bai sa an kai can ba.

A ɗaya daga cikin zuwan nan ne, da yardar Tasalla, ta tsaya wurin Makau a zaure yana gyaran igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, in tambaye ku wani abu, kada ku ga rashin kunyata. Da aka yi rasuwar nan, wa ya yi wa Inna ta'aziyya?"

Ya ce, "Ai gari duka sun zo."

"Sun zo wurinku, sun je wurin matarsa. Ita fa?"

Makau ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ai kunya za ta ji."

"Za ta ji. Amma ita ta haife shi."

Daga nan Malama ta yi sallama ta tafi.

Washegari da hantsi ina shanya a bakin katanga na ga Makau ya shigo daga gona tun lokacin dawowa bai yi ba. Tasalla na tsintar shinkafa. Ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya cire hula ya mayar. Sannan tsohon nan ya tsuguna a gabanta kamar baƙon da ya zo daga wani gari, ya ce, "Tasalla, ya haƙuri? Ya haƙurin yaronki? Allah shi jiƙan shi, Allah shi ba ki dangana."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ji ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki," yadda ake amsawa, sannan kafaɗunta suka fara rawa. Na sauke kaina na bar musu gidansu. Da yamma ni ma na zagaya ta ƙofa, na yi sallama kamar ban taɓa shiga gidan ba, na yi mata tawa. Na faɗa wa matar liman, ita ma ta zo da mata biyu. Haka aka yi wa Tasalla gaisuwar da ta yi fiye da shekara tana jiranta ba ta sani ba.

A hankali barci ya fara dawowa. Ta fara cin tuwo ba sai an tsaya a kanta ba. Wata rana ta leƙo ta katanga ta ce miyata ta kama, tun daga ɗakinta take jin ƙauri. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Aka gama girbi, aka ɗaure dawa, Sahura ta zo ranar kasuwa kamar yadda ta ce, da goyon sabon jariri da jakar da za ta zuba kayan Rufaida. Ina gidan. Ta tarar da Tasalla ta matse yarinyar tsakanin gwiwoyinta tana yi mata kitso, ana ta faɗa.

"Ki tsaya mana, mai kan ƙwarya!"

"Ke ce mai hannun ƙaya! Ki ƙarasa mani na rumbu."

"Na ce babanki yana kamar ke ya hau rumbu satar gyaɗa, ya zurma ciki da ka, ƙafafu a sama. Muna ta nema har bakin gulbi, sai munka ji rumbu na atishawa."

Rufaida ta ƙyalƙyale da dariya, sai ta hango uwarta ta ruga. "Inna, kin san Babana ya faɗa rumbu? Kin san tsoron zakara yake ji?"

Sahura ta tsaya riƙe da jaka. Ta zauna gidan nan shekaru, ba ta taɓa jin surukarta ta ambaci mijinta ko da kuskure ba. Ta durƙusa ta yi gaisuwa.

Bayan an sha ruwa an ci abinci, Tasalla ce ta fara magana, kanta a sunkuye, don ita ma matar ɗan fari ba a sakin jiki da ita. Ta ce, "Yarinya, abin da kika ji gaskiya ne. Ban da lahiya a lokacin, kuma a gabana ta ƙone. Yanzu na samu sauƙi, amma ban ce na warke sarai ba, har yau ina zuwa wurin Malama. Ɗiyarki ce. In kin ɗauke ta ban riƙe ki a zuciya ba."

Sahura ta ce za ta kwana biyu. Ta zauna tana kallon komai: wa ke tashi ya ɗora ruwan wanka, ina ake ajiye abu mai zafi, yadda yarinyar ke bin kakarta har bayan ɗaki. Ta je asibiti ita kaɗai ta tambayi Malama ko surukarta ta warke. Malama ta ce mata abin da aka faɗa a tabarma a tabarma yake zama, amma tana da ido, ta duba da kanta, ta kuma tambayi mai jikin. Sahura ta dawo tana cewa ba ta taɓa ganin mace mai taurin baki irin wannan ba. An ce dai ta daɗe a can fiye da tsawon wannan amsar, kuma ta fito idonta ja.

Ranar komawarta muka raka ta bakin hanya inda motar Gummi ke tsayawa. Jakar na hannunta, ban iya gane ko da kaya a ciki ko babu ba, kuma ban ga fuskar tambaya ba. Rufaida na tsakiya, hannu ɗaya a na uwarta, ɗaya a zanen kakarta. Tasalla na tafiya tana kallon ƙasa.

Mota ta zo, yaran tasha na kiran Gummi. Sahura ta tsuguna ta gyara wa ɗiyarta ɗankwali, ta daɗe tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Sannan ta kama hannun yarinyar ta sa a cikin na Tasalla.

Ta ce, "Inna, ku riƙe ta. Da Sallah zan zo in gan ku. Amma in na zo, ni ma a ba ni labarin. Ban san yana tsoron zakara ba."

Tasalla ta gyaɗa kai. Muka tsaya har motar ta sha kwana. Sannan ta dubi ƙafar Rufaida ta ce, "Ke, ina takalminki ɗaya?"

"Yana gida."

"Da ƙafa ɗaya kika rako uwarki, don a ce a Gummi ba mu saya maki takalmi? Wuce mu tahi, 'yar nema."

Suka yi gaba suna faɗa, ni ina biye da gwiwoyina.